Gadon da Ba a Raba a Gaban Alƙali

A Mai Wurno, bakin Shuɗin Nilu,
Inna Tabawa ta sunkuya ɗaukar faifan riɗi.
Ba tuntuɓe ta yi ba, ba wanda ya ture ta.
Sai ji muka yi ƙas! kamar karan dawa bayan girbi,
ƙugunta ya ce shi kam ya sauke kaya.

Mai ɗori ya zo da karare da tsumma,
ya taɓa, ya janye hannu, ya dubi ƙasa.
"Wannan ya fi ƙarfin tofina. Ku kai ta Wad Madani."

Likita Ikhlas ta ɗaga hoton saitin taga.
Ta waje azara ce, sumul, kamar ba komai,
ta ciki soso, ramuka rututu,
kamar rufin ɗakin da gara ta kwana a ciki shekara talatin
ba tare da ta yi tari ba.
Ta ce, "Mahaifiyarta fa? Yaya ta tsufa?"

Sai Kaka Dudu ta faɗo mini a rai,
wadda ta tako daga Haɗeja tana yarinya
a bayan jakin ubanta, da niyyar Makka,
kogin nan ya riƙe su.
Kowace damina tsayinta sai ya ragu da yatsa guda,
har tsayuwarta ta zama ruku'u.
Muka ce tulu ne, muka ce tafiyar ƙasa ce,
muka ce tsufa ne, wa ya taɓa kai ƙararsa?

Likita ta ce akwai wani rubutu a jikin kowa,
ƙwayoyin halitta, tun kafin a yanka ragon suna.
Ba harafi ɗaya ba ne, ɗaruruwa ne,
wani ya ƙara wa ƙashi tafin hannu, wani ya kwashe ɗan tsunkule,
kamar masu awo da yawa a bakin buhu guda.
Kaso mafi tsoka daga can yake zuwa.
Saura na rana ne, da nono, da tafiya,
da shekarun da ke biyo bayan ɗaukewar jinin al'ada.

Aka auna mu, ni da ƙanwata Barira.
Ciki ɗaya, uba ɗaya, kisira ɗaya a akushi ɗaya.
Ita da iska ke kaɗawa kamar zare,
nata ya fito kamar icen ƙirya.
Ni da nake ɗaga buhun gyaɗa ba tallafi,
nawa gara ta riga ta yi sallama.
Na yi dariya a gaban likita.
Sai a mota, wajen Sinnar, dariyar ta ƙare.

Wane alƙali ya raba wannan gado?
Ba a kira shaidu ba, ba a fitar da tumuni ba,
ba wanda ya ce mini sa hannu a nan.

Yanzu Inna tana kwance, igiyar gado ta lotsa da ita.
Ta kama tsintsiyar hannuna, ta murza, ta ce,
"Gado biyu na bar miki, Uwani,
wanda nake kwance a kai
da wanda kike tsaye a kai."

Da hantsi nakan taka har bakin ruwa in dawo,
in bar rana ta taɓa damtsena,
in haɗiyi ƙwayar likita da kindirmo.
'Yata Saude tana dirowa daga katanga,
ƙafafunta suna dukan ƙasa, tim, tim.
Ban san wane harafi na ba ta ba.
Na miƙa mata ƙoƙon nono, ta yamutsa fuska,
na ce shanye, har gindi,
sannan ki koma ki sake dirowa.